Daga Kuntigi Zuwa Jita: Tarihin Haɗa Kayan Kiɗa Masu Tsirkiya a Tsakanin Bukuru da Jos

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi tarihin haɗa kayan kiɗa masu tsirkiya da hannu a yankin da ya taso daga Bukuru, ya ratsa unguwar Daɗin Kowa, ya shiga cikin garin Jos. An zaɓi wannan yanki ne domin a nan kuntigi ya sami ɗaukakar da bai taɓa samu ba a ƙasar Hausa, a nan kuma jita ta zauna da gindinta a majami'u da gidajen rawa. Abin da ya shafi mai nazarin harshe a ciki shi ne, kowace sana'a da kalmominta take tafiya. Hausa tana da sunan kusan kowane ɓangare na goge, amma in aka zo kan jita sai bakin mai magana ya koma Ingilishi.

2.0 Kuza da Gwangwani

Haƙar kuza ce ta haifi Jos da Bukuru a siffarsu ta yanzu. Tun daga 1902 kamfanin Neja ya fara aiko da masu binciken ma'adinai zuwa tsaunukan Filato, kuma kafin 1915 ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta iso Jos. A 1927 aka haɗa garin da babbar hanyar da ta taso daga Fatakwal. Freund (1981) ya nuna yadda leburori daga Kano da Katsina da Zazzau da Barno suka cika barikokin haƙa, wasu don neman kuɗin haraji, wasu kuma bisa tilas a shekarun 1942 zuwa 1944. Duk inda lebura ya karɓi albashin mako, makaɗi na biye da shi. Masu goge da kukuma da garaya da molo sun sami kasuwa a barikokin, nesa da idon malaman birni da ke ƙyamar irin wannan kiɗa.

Makaɗan nan mafi yawansu su suke haɗa kayan kiɗansu. Mai goge zai nemi kumbo, ya rufe shi da fatar guza, ya soka sanda, ya ɗaura tsagiyar doki, ya ɗora ta a kan jaki, sa'an nan ya goga ƙaro a jikin izga. Ames da King (1971) sun tattara irin waɗannan kalmomi da dama a ƙamusunsu na kiɗan Hausa. Sunan jaki da aka ba ɗan icen da tsirkiya ke hawa ya isa misali na yadda Bahaushe ke raɗa suna: abin da ke ɗaukar kaya ba ya ƙorafi.

Kuntigi ya bambanta da sauran domin cikinsa ba ƙwarya ba ne, ba kuma ice ba ne. Gwangwanin kifi ne ake rufewa da fatar akuya, a soka masa sanda, a ɗaura tsirkiya guda. Gwangwani kuwa farantin ƙarfe ne da aka shafe da kuza don kada ya yi tsatsa. Ke nan ma'adinin da ake haƙa a Bukuru, a kai Ingila a narke kafin a buɗe matatar Makeri a farkon shekarun 1960, irinsa ne ke dawowa a jikin gwangwani ya zama abin kiɗa. Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya rasu a Jos a 2015, da wannan tsirkiya guda ya zagaya duniya. Waƙarsa ta Karen Mota ta fito ne daga rayuwar tasha da hanya irin ta wannan yanki. Kuntigi ba ya neman ado, domin in gwangwani ya lotse ko fata ta yage, sabo ake haɗawa a wuni ɗaya.

3.0 Jita da Sana'ar Haɗa Ta

Kalmar jita, wadda wasu ke furtawa gita, daga Ingilishi ta shigo Hausa. Ingilishi ya samo ta daga harsunan Faransa da Sifen, asalinta kuma ana kai shi ga kithara ta Girkanci, wadda Larabci ma ya ara. Abin kiɗan kansa ta bakin teku ya shigo Afirka ta Yamma, a hannun matuƙan jirgin ruwa 'yan ƙabilar Kuru na Laberiya, ya bi Saliyo da Gana da Legas, daga nan ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna da 'yan mishan suka hau da shi Arewa. Jos, da yake gari ne na baƙi, tana cikin wuraren da ya fi karɓuwa.

Siffar jita ta yau aikin mutum biyu ce musamman. Antoniyo de Tores (1817-1892), kafinta ne a kudancin Sifen, shi ya faɗaɗa cikin jita, ya sirance allon fuskarta, ya tokare shi daga ciki da siraran itatuwa da aka baza kamar mafici. A 1862 ya haɗa wata jita da bayanta da gefenta na matsattsiyar takarda ne, don ya nuna cewa amo daga allon fuska yake fitowa. Mai kuntigi ba zai yi mamakin wannan ba, shi da ya san fata ce ke magana, gwangwani rumbu ne kawai. Na biyun shi ne C. F. Martin, Bajamushe da ya sauka Niyok a 1833, ya koma garin Nazarat na jihar Fensilbeniya a 1839. Gidansa ne ya yaɗa tokarar gicciye, wadda daga baya ta iya jure jan tsirkiyar waya, jan da ke kai kimanin kilo 70 a kan allon da kaurinsa bai wuce milimita 3 ba.

A nan ne maganar ado take shigowa, kuma adon jita ba kwalliya ce zalla ba. Inda allon fuska ya haɗu da allon gefe, bakin icen a buɗe yake. Ta nan raɓa ke shiga, ta nan kuma tsagewa ke farawa in jita ta bugu da bango. Sai mai haɗawa ya yanke siririyar kwana a kewayen bakin, ya tanƙwara tsinken ice mai tauri a jikin ƙarfe mai zafi, ya manna shi a cikin kwanar, ya ɗaure da igiya har gam ya bushe, sa'an nan ya kankare ya daidaita. Zoben da ke kewaye da ramin amo shi ma aikinsa ke nan, hana tsagewa. Adon da ake dasawa a wuyan jita kuwa, da ɓawon kifin teku mai walƙiya ake yin sa: a yanka shi da siririn zarto, a zana siffarsa a kan ice, a ƙwaƙule gurbi daidai da shi, a dasa. Kuskuren rabin milimita sai ya fito fili. Jitar Martin samfurin D-45, wadda aka fara yi a 1933 domin mawaƙi Jin Otiri, ita ce ta zama abin kwatance a wannan aiki.

Yanayin Filato yana ƙara wa batun nauyi. Masana'antun waje suna haɗa jita ne a ɗakin da damshin iskarsa ke tsakanin kashi 45 da 50 cikin ɗari. In hunturu ya kama a Jos daga Disamba zuwa Fabrairu, damshi na faɗuwa ƙasa da haka ƙwarai, ice ya tsuke, allon fuska ya tsage ko jaki ya ɗago. Jitar da aka haɗa da icen da ya sha hunturun ƙasar nan ta fi dacewa da ita. Icen kuwa akwai shi, kuma da sunansa na Hausa. Maɗaci ɗan'uwan icen da masana'antu ke yi wa jita baya da wuya ne. Kanya dangin baƙin icen da ake shimfiɗawa a wuyan jita ce, irin wanda ya sa kamfanin Taylor na Amurka ya shiga mallakar wata masassaƙa a Yawunde ta Kamaru a 2011. Maɗobiya kuwa an sare ta ana fitarwa zuwa Sin har sai da yarjejeniyar CITES ta sa mata takunkumi daga 2017. Gungume ya fita da araha, jita ta shigo da tsada.

4.0 Matsalar Kalmomi

Tsirkiya da jaki da wuya da ciki duk sun dace da jita ba tare da gyara ba, ko da yake ba kasafai ake jin su a bakin matasan makaɗa ba. Wahalar tana wajen ayyukan da ba su da takwara a goge. Aro ba laifi ba ne, kafinta da kansa aro ne, haka ma gam da fenti. Sai dai kafin a yi aro ya kamata a leƙa rumfar maɗinka da dukawa. Maɗinki yana da kalmasa, wato naɗe bakin tufa don kada ya zare, yana kuma da cin wuya, ɗinkin da ke ƙarfafa wuyan riga ya kuma ƙawata shi. Aikin da tsinken bakin jita ke yi ke nan sak, saboda haka cin baki zai fi kowace fassara dacewa da shi, zoben ramin amo kuma ya ɗauki cin wuya. Adon ɓawon kifi ba zane ba ne irin na ƙwarya, domin zane a jikin abu ake yin sa, ba kuma ɗori ba ne irin na baduku, domin ɗori yana tasowa sama da fata. Tun da gurbi ake haƙawa a zaunar da wani abu a ciki, dashe shi ya fi kusa, kamar yadda ake cewa dashen haƙori. Ƙamusun Bargery (1934) cike yake da kalmomin sassaƙa da dukanci da ɗinki waɗanda har yanzu suna raye a bakin masu sana'a a Kasuwar Kurmi ta Kano, kuma kasuwar katako ta unguwar Katako a Jos wuri ne da za a iya gwada su a kunnen kafintoci a ji wadda za ta zauna.