Daga Kalangu zuwa Fiyano: Inda Jita Ta Kuskure Mu

A Bulkachuwa, da can idan aka ce biki ya yi biki, to makaɗa ne suka kwana a ƙofar gida. Bayan isha'i a share fili, a shimfiɗa tabarmi, masu kalangu su durƙusa gefe guda, 'yan amshi su jeru a bayan mawaƙi. Babu wata na'ura tsakaninka da shi. Yana ganin wanda ya shigo, ya karkata waƙa ya yi masa kirarin kakanninsa, mutum ya sa hannu aljihu ya yi liƙi. Waƙar daren nan ba za ta sake fitowa haka ba gobe, kuma daɗinta ke nan.

Abin da muka tashi muna ji ke nan a ƙasar Katagum, ko a fili ko a rediyo. Gurmin Haruna Uji daga Haɗeja, maƙwabciyarmu, ya shiga jinin direbobin da ke bin hanyar Azare zuwa Potiskum. Kukumar Garba Supa da ta Hassan Wayam sun riƙe samari. Dan Maraya Jos kuwa, da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ya yi wa karen mota waƙar da har gobe ake tunawa. A kansu duka akwai Mamman Shata da kalangunsa.

An so a aura wa wannan kiɗa kayan zamani. A shekarun 1970 Bala Miller ya haɗa ƙungiyar makaɗa a Kaduna, da jita da kakakin Turawa da ganguna, yana rera waƙa da Hausa. Sai dai kiɗan nasa ya tsaya a otal da gidan talabijin. Mutumin karkara ya ɗauke shi kiɗan 'yan boko, malamai kuma ba su yi maraba da wuraren da ake yinsa ba. Jita ba ta taɓa sauka dandalin ƙauye ta zauna kusa da gurmi ba, kuma a ganina nan muka yi asara.

Sai ga fiyano. Shata ya rasu a 1999, daidai lokacin da finafinan Kano ke tashe. Yaro ɗaya a ɗakin ɗaukar sauti ya danna maɓalli, kalangu da algaita su fito daga cikin fiyanon Yamaha. Mai biki ya yi lissafi, ya ga ɗauko mai sa kiɗa da lasifika ya fi sauƙi a kan ciyar da makaɗa goma da sallamarsu. Ban ga laifinsa ba. Amma ɗan makaɗi da ya ga sana'ar ubansa ba ta kawo hatsi, sai ya kama acaɓa. Tsofaffin mawaƙa kuma suka yi ta tafiya: Barmani Choge ta rasu a 2013, Dan Maraya a 2015.

A Nijar labarin ya sha bamban. Tun 1987 aka fara gasar kiɗan zamani da sunan Dan Gurmu, makaɗin Tawa, wadda ta ƙarfafa wa matasa gwiwar ɗora kiɗan gida a kan jita. Sa'adu Bori na Maraɗi ya ɗauko kaɗe-kaɗen bori ya zuba su cikin kayan lantarki, kasetunansa suka tsallako har kasuwanninmu, mata suka yi ta rawa da su a gidajen biki. Ƙungiyar Mamar Kassey ta biyo da sarewar Yakubu Mumuni. Yau ga Tal National a Yamai, suna haɗa kalangu da jita, suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci, suna kwana suna kiɗa a gaban jama'a. Faifansu Kaani na 2013 ya kai su har Amurka.

Duk sanda na saurare su, kunnena kan tsinci bugun da na sani tun ina yaro a ƙofar gidanmu. Har yanzu akwai tsofaffi a ƙauyukan Katagum da kalangunsu ke rataye a ɗaka, fatar ta bushe, ba a saukowa da su sai ranar sallah ko naɗin sarauta.