Mata 77 da ba su bar majinyatansu ba

Tsofaffinmu suna ba mu labarin Yaƙin Hitila, wanda aka yi daga shekarar 1939 zuwa 1945. Yawanci labarin maza muke ji, masu ɗaukar bindiga. Yau za mu kawo muku labarin waɗansu mata ƴan ƙasar Amurka, masu aikin jinya. Ba su harbi kowa ba, amma an ba su lambar girma irin wadda ake ba jarumawa.

Can gabas mai nisa, cikin teku, akwai wata ƙasa mai tsibirai da yawa, sunanta Filifin. A lokacin tana hannun Amurka. Amurka ta ajiye sojojinta a can, ta kuma kai mata masu jinya don su yi aiki a gidajen likita na soja. Ran 8 ga watan Disamba 1941, jiragen saman Japan suka fara zuba bom a ƙasar. Nan da nan gidajen likita suka cika da masu rauni.

Sojojin Amurka da na Filifin suka ja da baya zuwa wani yanki mai daji da duwatsu, ana ce da shi Bataan. Masu jinya suka bi su. Ɗakuna ba su isa ba, sai aka jera gadaje a gindin itatuwa. Majinyata dubbai suna kwance a fili. Ga masassarar cizon sauro, ga zawo, ga ƙarancin magani, ga ƙarancin cimaka. Matan nan suna wanke miki, suna ɗaure rauni, jiragen yaƙi suna shawagi bisa kansu. Saboda haka aka yi musu laƙabi da Mala'ikun Bataan.

Ran 9 ga Afrilu 1942 Bataan ta faɗa hannun Japan. Daf da faɗuwarta aka ba matan umurni su ƙetara zuwa wani ƙaramin tsibiri mai suna Korejidor. Akwai mata ƴan Filifin da suke aikin jinya tare da su. Wata shugabarsu mai suna Josie Nesbit ta ce ba za ta tafi ba sai da su. Manyan soja suka yarda, aka tafi tare. A Korejidor cikin wani dogon rami da aka haƙa a ƙarƙashin dutse suka ci gaba da aiki. An samu fitar da kaɗan daga cikinsu da jirgin sama da jirgin ƙarƙashin ruwa. Ran 6 ga Mayu 1942 Korejidor ita ma ta faɗi, aka kama sauran.

Duka-duka mata 77 ne suka shiga hannu: 66 na sojan ƙasa, 11 na sojan ruwa. Aka kai su wata babbar makaranta a birnin Manila mai suna Santo Tomas, wadda Japan ta mayar gidan kaso. Mutane fiye da 3,000 ne a tsare a ciki, maza da mata da yara. A shekarar 1943 aka ɗauki su 11 na sojan ruwa, da shugabarsu Laura Cobb, aka kai su wani sansanin a Los Banos. Can ma suka kama jinyar fursunoni.

Babbar shugabar waɗanda suka rage a Manila ita ce Maude Davison, dattijuwa ce, ta haura shekara 55. Ta san zaman banza a kaso yana karya zuciya. Sai ta kafa doka: kowace mace za ta sa kayan aikinta, ta yi jinya awa huɗu kowace rana. Ba su da albashi a hannu, babu wanda zai tuhume su in sun ƙi. Duk da haka suka riƙe wannan doka har ƙarshe.

A shekarar 1944 sojojin Japan suka ƙara matsa wa fursunoni, suka yi ta rage cimaka. Abin ya kai sai ɗan kunun shinkafa tsararo da ganyaye. Duk wanda ya ga shekarar yunwa ya san abin da ke biyo baya: jiki ya rame, ƙafafu su kumbura, tashi tsaye ma ya zama aiki. Mutane suka riƙa mutuwa a sansanin. Masu jinya su ma yunwar suke ji, su ma ƙafafunsu sun kumbura, amma in lokacin aiki ya yi sai su lallaɓa su je. Yawancinsu sun rasa wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyin jikinsu. Maude Davison kuwa ta koma kamar kilo 36.

Ran 3 ga Fabrairu 1945 sojojin Amurka suka shiga Santo Tomas. Ran 23 ga watan aka ceto na Los Banos. Sun yi kusan shekara uku a tsare. Da aka ƙidaya su, 77 ɗin nan cif, babu wadda ta mutu.

Da suka koma gida, aka ba su lambar girma ta soja mai suna Tauraron Tagulla. Na sojan ƙasa aka yi wa kowace ƙarin girma. A shekarar 1947 Amurka ta yi doka wadda ta ba mata masu jinya na soja cikakken muƙamin hafsa na dindindin. A shekarar 1980 mazan da suka tsira daga yaƙin suka kafa allon tagulla a dutsen Samat, cikin Bataan, don tunawa da matan da suka yi jinyarsu.

Amma an yi wa shugabarsu jinkiri. Bayan yaƙi an nemi a ba Maude Davison wata babbar lamba ta musamman, manyan soja suka ƙi, suka ba ta wadda ba ta kai wannan ba. Ta rasu a shekarar 1956. Waɗanda suka san aikinta ba su yi shiru ba, suka yi ta neman haƙƙinta. Sai a shekarar 2001 aka ba ta lambar, shekara 45 bayan tana kabari. Ta ƙarshe cikin matan nan 77, Mildred Manning, ta rasu a shekarar 2013 tana da shekara 98.

Hausawa suna cewa yabon gwani ya zama dole. To, amma yabo ya fi amfani in mai shi yana da rai, ya ji da kunnensa. A garuruwanmu akwai masu jinya da ungozomomi da ke kwana a zaune saboda ciwon wani, ko lokacin ƙyanda ko lokacin sanƙarau. Kada mu jira sai sun kau kafin mu gode musu. Allah ya saka musu da alheri, ya kiyashe mu da yaƙi da yunwa, amin.