Ciwon Suga Nau'i na Ɗaya a Madawa, Buza da Keita

Ciwon suga nau'i na ɗaya larura ce wadda jiki ke daina samar da sinadarin insulin, galibi tun ana ƙuruciya, ta yadda babu makawa majinyaci ya riƙa yi wa kansa allurarsa kullum har iyakar rayuwarsa. A shekarar 1921 ne Frederick Banting da Charles Best suka tsamo wannan sinadari a birnin Toronto na Kanada, kafin nan kuwa duk yaron da cutar ta kama ajalinsa ya kusa.

Asalin kiyaye lafiyar mai wannan larura shi ne awo da hisabi: a huda ɗan yatsa, a ɗiga jini a kan tsinken na'ura, a rubuta adadin sugan jini, domin ya tsaya tsakanin giram 0,70 da 1,80 a lita. Akwai kuma na'urar da ake mannawa a dantse, irin FreeStyle Libre, wadda ke yin kwana 14 tana aika bayani zuwa wayar salula, amma tsadarta ta fi ƙarfin manomin albasa.

A gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa, inda zafin bazara kan zarce digiri 40, alhali kwalbar insulin wadda ba a buɗe ba tana bukatar sanyin digiri 2 zuwa 8, mas'alar ajiya ita ce babbar damuwa. Dabarar jiƙaƙƙen yashi a gindin randa tana rage zafi ƙwarai, kuma hoton littafin awo da uwa za ta aika wa malamin asibiti ta WhatsApp yakan hutar da ita doguwar tafiya.