Daga Gangar Noma Zuwa Gambara: Wa Ke Da Ikon Auna Waƙa?

Akwai wata tsohuwar gardama tsakanin masu sauraren gambarar zamani. Wani rukuni na ganin su kaɗai suka san waƙa ta gaskiya: suna fifita mai zurfin kalma irin ClassiQ, suna yi wa mawaƙan nanaye kallon 'yan kasuwa. Su kuma manazarta a jami'o'i sun daɗe suna yi wa gambarar kanta kallon hayaniyar Amurka. Kowa da wanda yake rainawa, kuma wannan ɗabi'a ta girmi hip-hop, wanda aka haifa a unguwar Bronx ta New York a 1973.

A ƙasar Hausa ta da, kayan kiɗa ne ke yanke wa makaɗi matsayi. Kotso da taushi na fada ne. Kalangu na mahauta da 'yanmata. Gangar noma ta talakawa. Kafin mutum ya buɗe baki, an riga an san inda zai zauna.

Yankin Bakura da Maradun da Talata Mafara ya ƙaryata wannan ma'auni. Musa Ɗanƙwairo, wanda a yau ake kafa hujja da shi idan ana zancen waƙar fada, a gidan kiɗan noma ya tashi, yana yi wa mahaifinsa Usman Ɗankwanda amshi. Daga fagen gayya gidansu ya hau kiɗan sarauta a Maradun, har muryarsa ta kai ga Sardauna Ahmadu Bello. Da ya rasu a 1991, babu mai tuhumar asalin gangarsa. Haka Mamman Shata: da kalangun da fadawa suke rainawa ya yi suna, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

Wannan ba ya nufin kowace waƙa daidai take da 'yar'uwarta. Sa'idu Faru bai samu laƙabin Malamin Waƙa da farin jini kawai ba. Da gwanintar habaici da zambo da saƙa ma'ana ya same shi. Ma'auni yana nan daram. Abin tambaya shi ne: me mawaƙi ya yi da harshe, kuma me ya iya faɗa a lokacin da faɗar ke da tsada? Ziriums, wanda hukumar tace fina-finai ta Kano ta haramta waƙarsa "Girgiza Kai", ya ci wannan jarrabawa da salon da dattawa ba su ɗauka waƙa ba.

Hatsarin raini shi ne yana yanke abin da za a adana. Makaɗan noma nawa ne, daga Tsibiri zuwa Bakura, suka tafi da waƙoƙinsu kabari saboda babu wanda ya ga sun cancanci faifai? Mai sauraren da ke toshe kunne tun kafin baiti na farko yana maimaita wannan asarar ne, yana kuma kiranta sanin waƙa.