Likitar da Ta Tayar da Tsofaffi Daga Gado

Ka san a da a Ingila, talakan tsoho in ya kwanta ciwo, sau tari a gado ake barinsa har ajali? A 1935 Dakta Marjory Warren ta asibitin West Middlesex ta karɓi majinyata 714, galibinsu tsofaffin da aka fid da rai da su. Da ta duba su, sai ta tarar da yawa ciwo ne mai magani ya kwantar da su. Doguwar kwanciya kuwa tana zubar da tsoka, ta sandarar da gaɓoɓi, ta jawo gyambo. Ta sa ma'aikatan jinya suna tayar da su suna takawa, wasu har suka koma gida. In kakarka ta kwanta, kada ka ce tsufa ne kawai. Kai ta asibiti.