Daga situdiyon Sakkwato zuwa dandalin duniya: tarihin kafuwar ƙungiyar Mdou Moctar

Idan aka ambaci Mdou Moctar yau a Amurka ko Turai, ƙungiyar mutum huɗu ake nufi, masu kiɗan rok mai ƙara da sauri. Sai dai kundin da ya fara fito da sunan bai yi kama da wannan ba. A Sakkwato aka naɗe shi a 2008, da gangar na'ura da muryar da aka lanƙwasa da Auto-Tune, irin yadda ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin. Duk mai son fahimtar yadda ƙungiyar ta kafu, dole ya fara daga wannan kasuwa ta ƙasar Hausa.

Jagoran ƙungiyar, Mdou, sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ne daga yankin Azawak na jihar Tawa. Ya taso a gidan da ba a maraba da kiɗa, saboda haka jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Bahago ne, a haka kuma ya koyi kaɗawa. Wanda ya ɗauka a matsayin gwani shi ne Abdallah Oumbadougou, jagoran mawaƙan jita na Abzinawan Nijar, wanda kasetocinsa suka zaga a ɓoye a zamanin tawayen da aka rufe da yarjejeniyar zaman lafiya ta 1995. Kamar samari da yawa na yankinsa, Mdou ya je cirani Libiya, ya dawo ya kama wasa a gidajen biki.

Zuwansa Sakkwato ba abin mamaki ba ne. Hanyar Tawa zuwa Birnin Konni, a tsallaka Illela a shiga Sakkwato, hanya ce da fatake da 'yan cirani suka saba bi. A shekarun 2000 kuma harkar finafinan Hausa ta haifar da ƙananan situdiyo a biranen arewacin Najeriya, inda kwamfuta ɗaya da fiyano ɗaya suka isa a gama waƙa cikin wuni. Mdou ya shiga da waƙoƙin soyayya na harshen Tamashak, ya fito da su sanye da rigar kiɗan Kano. Kundin shi ne Anar.

Babu kamfanin da ya buga shi a lokacin. Wayar hannu ce ta ɗauki nauyin rarraba shi. Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta ratsa Gidan Rumji, ta wuce ta Maradi da Agye da Gazawa zuwa Damagaram a waɗancan shekaru, ya san wannan sana'a: matashi a bakin tasha ko cikin kasuwa da kwamfutarsa, ka ba shi memori da 'yan canji, ya cika maka da waƙoƙin Hausa da na Indiya da wa'azi. Daga nan aboki ya tura wa aboki ta Bluetooth. Ta irin wannan hanya waƙoƙin Anar suka tsallaka har arewacin Mali, sau da yawa ba tare da sunan mai su ba. Mawaƙin bai samu ko dala daga wannan yawo ba, amma ya samu abin da ke kawo gayyatar biki, wato suna.

A Kidal ne wani Ba'amurke daga Portland, Christopher Kirkley, ya kwashi waƙoƙi daga wayoyin mutane. Cikinsu akwai "Tahoultine". Ya sa ta a kundin Music from Saharan Cellphones da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, ya kuma bi sawu har ya gano mai waƙar, wato Mdou. Abin lura shi ne, Turawan da suka fara jin Mdou sun riga sun san jitar sahara daga ƙungiyar Tinariwen. Abin da ya ja kunnensu shi ne baƙon haɗin nan na muryar na'ura da karin Abzinawa.

Masu tarihin kiɗan rok sun san irin wannan mataki. A ƙarshen shekarun 1970 a Ingila, ƙungiyoyin da suka biyo bayan guguwar punk, irin su Joy Division ta birnin Mancesta, sun yi aiki da ƙananan kamfanoni kamar Factory Records, suna gwada sautin na'ura da kuɗi kaɗan kafin manyan dandamali su san da su. Abin da Factory ya zame wa waɗancan, shi situdiyon Sakkwato da Sahel Sounds suka zame wa Mdou, wurin gwaji ba tare da wani ya gindaya masa sharaɗi ba.

Daga nan aka shiga gina ƙungiya. A 2013 Sahel Sounds ya fitar da Afelan, wanda aka naɗa kai tsaye a Cintabaraden, aka ji jitar lantarki yadda take tashi a filin biki. Anar kansa sai a 2014 aka buga shi a faifai. A 2015 aka fitar da fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai da aka ɗauka a Agadas, bisa tsarin fim ɗin Purple Rain na mawaƙi Prince, Mdou ne jarumi. Ahmoudou Madassane, mai jita ta biyu, tun shekarun farko yana tare da shi. Daga baya Mikey Coltun ya shigo, mai jitar bas da ya taso a yankin Washinton, birnin da ya yi suna a kiɗan punk, ya kuma zama mai tsara sautin ƙungiyar. Kundin Ilana: The Creator na 2019, wanda aka naɗa a Ditiroit, shi ne na farko da suka yi a situdiyo a matsayin cikakkiyar ƙungiya. Da Souleymane Ibrahim ya karɓi ganguna, mutum huɗun suka cika.

A 2020 suka ƙulla yarjejeniya da Matador, kamfanin Niyok da ya fito da ƙungiyoyin Pavement da Interpol. Kundin Afrique Victime ya fito a 2021, Funeral for Justice a 2024, shekarar da suka hau dandalin Coachella. Jigon waƙoƙin ma ya faɗaɗa. Soyayya na nan, amma an ƙara da maganar mulkin mallakar Faransa, da yuraniyam ɗin Arlit da ake haƙa alhali ƙauyukan Nijar ba su da wuta, da kiran a riƙe harshen Tamashak.

Juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023 ya same su suna rangadi a Amurka, rufe iyakoki ya hana 'yan Nijar ukun komawa gida na wani lokaci. A wannan zaman jira suka sake naɗar waƙoƙin sabon kundinsu da jitar da ba ta lantarki ba, aikin da ya fito a 2025 da sunan Tears of Injustice.

Duk da wannan ɗaukaka, ƙungiyar ba ta yanke cibiyarta daga gidan biki ba. A 2022 ta fitar da faifai biyu masu suna Niger EP, da suka ƙunshi abin da aka naɗa a bukukuwa da zaman gwaji a cikin ƙasar. Saurin da 'yan jaridar Amurka ke dangantawa da punk, a filayen aure na Agadas aka horar da shi, inda makaɗi ke da aiki ɗaya: ya hana masu rawa zama har dare ya raba.