Kuɗin Gini da Kuɗin Gyara: Tarihin Ruwan Fazzan

A filin tarihi na wannan mako mun taɓo maganar da jama'a suke ɗauka ta ma'aikatan ofis ce, wato kasafin kuɗin gwamnati. Amma duk wanda ya taɓa kwana a layin mai a Sabha, ko ya ruga asibiti da tsakar dare da yaron da kunama ta harba, to kasafin nan ya shafe shi, ko ya sani ko bai sani ba.

Bari mu koma baya da nisa. Shekara 2000 da suka wuce, mutanen da Rumawa suke kira Garamant suna da babban birni a Jarma, cikin Wadil Ajal, yamma da Sabha. A lokacin ma ruwan sama ba ya isar noma. Sai suka haƙa fuggara: rijiyoyi a jere, an haɗa gindinsu da rami mai ɗan gangare, ruwa yana tahowa da kansa daga gindin dutse zuwa gona. Masu binciken kufai sun ƙirga ɗaruruwansu a wannan kwari, kuma da su aka noma alkama, sha'ir, inabi da dabino. Haƙa fuggara sau ɗaya ake yi, amma yasar ta aikin kullum ne, don yashi ba ya hutu. Masana suna ganin bayi ne suka ɗauki wannan wahala. Da ruwan ƙasa ya ja baya, masu yasa kuma suka yi ƙaranci, sai fuggara ta mutu, Jarma ta zama ƙaramin gari.

Mu tsallake zamanin ayari, lokacin da rigunan Kano suke bi ta Gat da Murzuk zuwa Tarabulus, mu zo 24 ga Disamba 1951, ranar da Libiya ta samu 'yancin kai. Tana cikin ƙasashe mafi talauci a duniya, Fazzan kuma ɗaya ce daga jihohinta uku, da majalisarta a Sabha. A 1959 aka samu mai a Zaltan, a 1961 aka fara fitar da shi. Gwamnatin Sarki Idris ta tsara cewa kashi 70 cikin ɗari na kuɗin mai ya tafi ayyukan raya ƙasa. A 1963 kuma aka soke tsarin tarayya. Tun daga ranar, lalitar ta koma arewa, mutumin Fazzan sai dai ya jira abin da aka yago masa.

Gaddafi, wanda ya yi makaranta a Sabha, kuma a nan ya shelanta Jamahiriyya ranar 2 ga Maris 1977, ya zuba kuɗi a kudu, wannan ba a musu. An yi titi, an yi asibiti da jami'a, an buɗe manyan gonakin gwamnati irin na Maknusa da Barjuj, inda injin ban ruwa yake zagayawa ya bar da'ira kore shar a tsakiyar rairayi. Sannan aka zo kan babban aikin, Kogin da Ɗan Adam Ya Haƙa, wanda aka aza harsashinsa a watan Agusta 1984. Bututu ne mai faɗin mita huɗu, mota tana iya shiga ciki. Kashi na biyu na aikin daga rijiyoyin Jabal Hasawna ya taso, arewa da Sabha, kuma ruwansa ya isa Tarabulus a 1996. Ana kiyasta kuɗin aikin da kimanin dala biliyan 25, ba tare da an ci bashin Bankin Duniya ba.

A gaskiya aiki ne na a zo a gani, kuma miliyoyin mutanen bakin teku da shi suke sha har gobe. Sai dai ruwan nan tsohon ruwa ne, wanda ya taru dubban shekaru da suka wuce, lokacin da Sahara take da ciyawa da raƙuman dawa irin waɗanda aka zana a duwatsun Akakus. Abin da aka ɗiba ba ya dawowa. Ku dubi tafkunan Ubari. Mutanen Dawada sun daɗe a bakin Gabar Aun suna kamun 'yan ƙwarin ruwan gishiri suna ci da dabino, har aka tashe su a shekarun 1980 aka kai su sabbin gidaje. Tafkin Mandara yanzu kusan ya ƙafe, kuma masana suna danganta hakan da famfunan ban ruwa da suka janye ruwan ƙasa a kwarin.

To, ina kuɗin gyara? Kasafin Libiya babi huɗu ne: na ɗaya albashi, na biyu tafiyar da ofisoshi da gyare-gyare, na uku ayyukan raya ƙasa, na huɗu tallafi. A 2023, bisa alƙaluman Babban Banki, an kashe kimanin dinari biliyan 125, kuma biliyan 60 daga ciki albashi ne. Ga tallafin mai kuma, wanda ya sa lita take dirhami 150 a hukumance, ta fi ruwan gora araha. Mutumin Sabha sau da yawa labari yake ji, domin gidan mai a rufe yake, sai ya saya a bayan fage da ninki kan ninki. Ina man yake tafiya? Direbobinmu na hanyar Tummo da Dirku sun fi ni sani. Shi ya sa a Disamba 2018 matasan da suka kira kansu Fushin Fazzan suka rufe rijiyoyin mai na Sharara, aka sake rufe su a Janairu 2024. Abin da ake nema bai sauya ba: mai, hanya, asibiti.

Hasawna kanta ba ta tsira ba. A 2019 hukumar kogin ta ce an kwance fiye da rijiyoyi ɗari daga cikin 479 na wannan ɓangare, ɓarayin tagulla sun yi gaba da kayan.

A fannin lafiya ma haka zancen yake. An yi gine-gine, amma likitoci da nas-nas da yawa baƙi ne daga Filifin, Yukiren da Indiya, kuma yaƙin 2011 da na 2014 ya kori akasarinsu. Babban asibitin Sabha shi ne madogarar kudu gaba ɗaya. Abin da ya gagara a nan sai Tarabulus, tafiyar sama da kilomita 700, mai hali kuma ya wuce Tunisiya. Da annobar korona ta ɓarke a tsakiyar 2020, Sabha ce ta fara zama cibiyarta a ƙasar. Ɗan ci-rani marar takarda kuwa, ba sai an faɗa ba.

Yanzu ga ruwan sama ya shigo da nasa. A watan Yuni 2019 ambaliya ta shiga Gat, mutum huɗu suka rasu, dubbai suka bar gidajensu. A Satumba 2024 ruwa ya sauka a Sabha, garin da magudanansa suka daɗe da gazawa, gidaje suka rushe, aka rasa rayuka. Mafi muni shi ne na Darna, can gabas a bakin teku, daren 10 zuwa 11 ga Satumba 2023, inda madatsun ruwa biyu na shekarun 1970 suka fashe, fiye da mutum 4000 suka halaka. Rahoton masu binciken kuɗin gwamnati na 2021 ya riga ya nuna cewa an ware sama da dala miliyan biyu don gyaransu a 2012 da 2013, ba a yi aikin ba.

Namun dawa su ne na ƙarshe a layi. Mariri, wanda kakanninmu suke yin garkuwa da fatarsa, an bayyana ƙarewarsa a daji a shekarar 2000. Da aka maido shi Cadi a 2016, da kuɗin Abu Dabi aka yi. Nijar ta keɓe gandun Tarmit da Tin Tumma a 2012, amma ƙirgen da aka yi a 2016 adas uku kacal ya gani, wato farar dabbar hamadar nan mai murɗaɗɗen ƙaho.

Tun 2024 asusun sake gina ƙasa da Balƙasim Haftar yake shugabanta yana shimfiɗa tituna da tayar da gine-gine a Sabha da Murzuk, kuma jama'a sun ga canji da idonsu. Bayan an yanke kyalle, kuɗin share magudana, gyaran famfo da man janareta na asibiti daga babi na biyu zai fito. A 2023 wannan babi bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka kashe ba.